Manomi, kada ka sayi wutar rana da ka



Duk wanda ya bi Gulbin Maradi da rani, ko fadamun Korama ta wajen Matamaye da Magarya, ko kwarin Maggiya ta wajen Galmi, ya ga garka ta sake kama. Inda a da sai kukan jigo da ƙarar injin esansi, yanzu baƙin allo za ka hanga a jingine yana kallon rana, ruwa kuwa na bin tiyo shiru. Cikin gari ma haka: allon rana bisa rumfa, batir a ɗaki, ana kunna ampul, ana cika salula. Wannan abu ne mai kyau, ba ni da ja. Rana ba ta hawa farashi ran kasuwa, ba ta kuma yankewa don an rufe hanya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muke sayen kayan. Kai ne ba ka yarda a auna maka gero da tiyar da ba ka sani ba. Kai ne ke juya buhun taki ka karanta 15-15-15 kafin ka zaro kuɗi. Amma ranar sayen allo da batir da famfo, ranar da za ka zube ribar albasar shekara guda, sai ka tsaya gaban mai shago ka ce: "Ba ni mai ƙarfi." Shi kuwa ya ce: "Wannan ai ba shi da na biyu." Ciniki ya faɗa. Bayan wata uku, daidai lokacin da albasa ta fara kai, zafin bazara ya kawo jiki, famfo ya koma zubar da ruwa kamar bakin buta. Sai a ce kayan zamani ba su da albarka, ko a ce an yi wa garkar baki.

Ra'ayina a fili yake. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya iya "sau", ya iya "raba", ba shi da hujjar sayen kayan kuran da ka. Lissafi biyu ne kawai, lambobin da za ka yi su da su kuwa an riga an rubuta maka a jikin kayan.

Kuran ba a ganinsa, saboda haka mu kwatanta shi da ruwa, abin da mai garka ya fi kowa sani. Dubi shaton ruwa na garinku. In yana da tsawo ƙwarai, ruwa na fitowa da turi mai ƙarfi. In gajere ne, turin kaɗan ne. Wannan turi shi ake kira bolt a wajen kuran, ana rubuta shi da harafin V. Batir na gida da na garka yawanci bolt 12 ne, kuran na NIGELEC bolt 220. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo kuwa shi ne amper, harafinsa A. Tiyo kuma yana iya zama mai faɗi ko matsattse, gajere ko dogo. Matsattse da dogo suna hana ruwa gudu. Wannan hanawa ita ce turjiya, ana auna ta da om. Alamarta ba ta cikin baƙaƙenmu, ta yi kama da munduwa mai buɗaɗɗen baki ta ƙasa: Ω. Na huɗu shi ne wat, harafinsa W, wato aikin da turi da yawa suka haɗu suka yi. Ruwa mai turi amma ɗan tsirit ba ya shayar da fangali. Ruwa mai yawa amma maras turi ba ya hawa tudu. Sai an haɗa biyun.

Ga lissafin na farko:

bolt × amper = wat

Ga na biyu:

bolt : amper = om

A lise da haruffa muka koye su, P = U × I da R = U : I, ana ta sa mu haddace su da Faransanci. Haruffan ba su ƙara komai ba. Kowane ɗaya kuma yana juyuwa, kamar yadda in ka san kuɗin buhu da yawan tiyoyin cikinsa ka san kuɗin tiya. Wat raba da bolt ya ba ka amper. Amper sau om ya ba ka bolt. Bolt raba da om ya ba ka amper.

Mu gwada da ampul na mota, irin mai zare a ciki. Bolt 12 ne, yana jan amper 2. To, 12 × 2 = wat 24, shi ne cinsa. Sannan 12 : 2 = om 6, ita ce turjiyarsa. Yanzu a ce wani ya haɗa batura biyu baki da wutsiya, suka ba da bolt 24, ya ɗaura wannan ampul don ya ƙara haske. 24 : 6 = amper 4. Sannan 24 × 4 = wat 96. Ka gani? Bolt ya ninka sau biyu, amma wat ya ninka sau huɗu, daga 24 zuwa 96. Gaskiya ne turjiyar zaren takan ƙaru in ya yi zafi, amma ba ta isa ta cece shi ba. Zai yi haske ɗaya mai kyau, shi ke nan.

Na san wani zai ce: "Malam, wannan ai karatun ƴan lakkol ne, mu abin da muka iya shi ne rubuta suna da lissafin koperatif." Ban karɓi wannan magana ba. Sunan om na wani Bajamushe ne, Geyorg Om, malamin makaranta a birnin Kolon, wanda ya buga wannan lissafi a 1827. Ubansa maƙerin kwado da makulli ne. Bai yi dogon karatu a makaranta ba, da kansa ya koya wa kansa lissafi, sannan ya zaunar da ƴaƴansa ya koya musu. A nan gida ma maganar rana ba baƙuwa ba ce. Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, ya kuma kama shugabancin ofishin makamashin rana, ONERSOL, tun 1969, lokacin ba a ga allo ko ɗaya a kasuwar ƙauye ba. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 wat miliyan 7 ce, wato kamar allo 70000 masu wat 100. Injiniyoyin da ke can, bolt sau amper suke yi, irin wanda ka yi yanzun nan da ampul na mota.

To, mu shiga kasuwa. Juya allon ka dubi bayansa, akwai takarda manne. Nemi lambobi uku. Pmax shi ne wat da aka yi maka alkawari. Vmp shi ne bolt na lokacin aiki, Imp kuwa amper na lokacin aiki. A allo mai wat 100 za ka ga wajen 18 V da 5,5 A (waƙafin nan na nufin biyar da rabi). Ninka su: 18 × 5,5 = 99. Magana ta yi daidai. In kuwa an rubuta 200 W da manyan baƙaƙe, ƙananan lambobin suka ba ka 99, to, takardar ta tona kanta.

Amma mai ƙarya da wayo yakan gyara lambobin duka. Sai ka koma ga girman allon. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, rana na zuba kamar wat 1000 a kan fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1. Allo mai kyau kashi ɗaya cikin biyar yake kamawa, ko fiye da haka kaɗan, wato wat 200 da ƴan kai. Saboda haka allon da tsawonsa metir 1 ne, faɗinsa rabin metir, iyakarsa wajen wat 100. In an rubuta mishi 300, ko mai shago ya rantse, ba wat 300 a cikinsa. Ba rantsuwar nake ƙaryatawa ba. Shi ma sau da yawa haka aka sayar mishi, bai kuma taɓa aunawa ba.

Gwaji na uku ya fi duka, amma yana bukatar ɗan ma'aunin kuran, wanda masu gyaran rediyo ke kira miltimetir. A fitar da allon rana tsaka, ya fuskanci rana, ba a haɗa shi da komai ba. Auna bolt a bakin wayoyinsa biyu, za ka samu wajen 22. Mayar da ma'aunin wajen amper, a ramin da aka rubuta 10 A, ka taɓa wayoyin na ɗan lokaci, za ka samu wajen 6. Ninka: 22 × 6 = 132. Ɗauki kashi uku cikin huɗu na wannan, ka samu 99. Ana rage kashi ɗayan ne domin allo ba ya ba da mafi yawan bolt da mafi yawan amper a lokaci guda. Manyan alluna da amper ɗinsu ya wuce 10 sun fi ƙarfin ƙaramin ma'auni, sai ka fara duba lambar Isc a takarda. Wannan awon amper kuwa na allo ne kaɗai. Kada ka kuskura ka yi shi a kan batir, ma'aunin zai ƙone a hannunka. Mai shagon da ya ƙi a fitar da allonsa rana a auna, bar mishi kayansa. Ba a cinikin biri a sama.

Ko allon na gaskiya ne, kada ka sa rai da wat 100 cif. A ɗakin gwaji ake samun wannan lamba, allo na da zafin digiri 25. A garka da bazara fuskar allo takan wuce digiri 60, zafi kuwa yana rage mishi ƙarfi, kamar wat 15 cikin 100. Ƙurar hunturu ma ta ɗauki rabonta. Ni in ina lissafi, wat 75 nake rubuta wa allo mai 100. A share shi da safe da tsumma mai laushi, a kuma ɗaga shi daga ƙasa iska ta bi ta bayansa.

Yanzu mu zo ga ɓarawon da ya fi kowa cin amanar mai garka, wanda kuma ba a zarginsa: waya.

Mutum ya kashe jikkuna wajen allo da batir da famfo, in an zo kan waya sai tsimi ya motsa. Ya sayi siririya, irin wadda ake ja wa ampul a ɗaki, ya shimfiɗa ta daga inuwar da ya ajiye batir har bakin rijiya. A ganinsa waya hanya ce kawai, kuran ya bi ya wuce. Ba haka ba ne. Waya ma tana da turjiyarta, kamar dogon tiyo matsattse.

Ana rubuta kaurin waya a jikin robarta: 1,5 ko 2,5 ko 4 ko 6. In ta jan ƙarfe ce ta gaskiya, metir 100 na mai lamba 1,5 yana da turjiya kusan om 1,2. Mai 2,5 om 0,7. Mai 4 kusan om 0,45. Mai 6 om 0,3. Rubuta waɗannan huɗu a bangon littafinka, za ka neme su.

A ce famfonka na bolt 12 ne, an rubuta mishi wat 120. To, 120 : 12 = amper 10. A ce tsakanin batir da rijiya metir 20 ne. Kuran yana zuwa ta waya ɗaya ya komo ta ɗayar, saboda haka tafiyarsa metir 40 ce. Metir 40 na mai lamba 1,5 kusan rabin om ke nan. Rabin om, sai ka ce ba komai. To, lissafa. Amper 10 sau rabin om ya ba da bolt 5. Bolt 5 cikin 12 sun zube a hanya, famfo bolt 7 kawai ya samu. Sannan bolt 5 sau amper 10 ya ba da wat 50. Wat 50, fiye da rabin abin da allo guda ke ba ka, kana ɗumama ƙasar garka da shi, kullum, daga hantsi har la'asar.

Famfon da bai samu turinsa ba ba ya juyawa yadda ya kamata. Ruwa ya ragu. Wani lokaci injin ya kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana zafi har ya ƙone. Sai a koma kasuwa a sayo sabon famfo, a ɗaura shi a kan tsohuwar waya. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a rangadin garake, domin asarar biyu ce, mai laifin kuwa na nan kwance a ƙasa ba wanda ya dube ta.

Sa waya mai lamba 6 a wannan nisa. Kaurinta ya ninka na waccan sau huɗu, turjiyarta ta koma om 0,12. Bolt ɗaya da ɗan kai ya ɓata, wat 12 maimakon 50. Ta fi tsada, na sani, amma sau ɗaya ake sayenta. Akwai kuma maganin da ba ya cin kuɗi da yawa: matso da allo da batir kusa da rijiya, ka yi wa batir ƴar rumfa, ka ƙara tiyo. Metir 5 maimakon 20 ya raba asarar gida huɗu. Gara ruwa ya yi doguwar tafiya da kuran na bolt 12 ya yi ta.

Ba sai ka yarda da ni ba, auna da kanka. Famfo na aiki, auna bolt a kan batir, sannan ka je ka auna a bakin famfo. A ce ka samu 12,5 a nan, 7,5 a can. Bambancin, bolt 5, shi ne rabon waya. Raba shi da amper da famfon ke ja, ka san turjiyar wayarka. Ninka shi da amper ɗin, ka san wat nawa take sace maka. In bambancin ya wuce bolt 1 a kayan bolt 12, akwai gyara.

A kula kuma, ba duk jar waya ce jan ƙarfe ba. Kankare zare ɗaya da wuƙa. In cikinsa ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa ja, irin wanda ake zuba tukwane da shi, turjiyarsa kuwa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. In mayen ƙarfe ya kama ta, baƙin ƙarfe ne, wannan ma ta fi muni. Wata kuma robar ce mai kauri, zaren ciki ɗan kaɗan. Yanke baki ka duba kafin a auna maka.

Mahaɗa ma haka. Inda aka murɗa waya biyu da hannu aka naɗe da leda, ko kan batir da ya yi farin gari, turjiya na taruwa a wurin. A ce om 0,1 ne kawai. Da amper 10 ya zama bolt 1, ya zama wat 10, duka a wuri mai girman ƙwayar wake. Shi ya sa roba ke narkewa a mahaɗa. In ka kashe famfo, bi wayar da hannu. Duk inda ka ji zafi, nan kuɗinka ke zuba.

Ga wata dabara da lissafin ya nuna, ga wanda bai riga ya saya ba. Famfo mai wat 120 amma na bolt 24 amper 5 kawai yake ja. A kan waccan siririyar waya mai rabin om, bolt biyu da rabi ne zai ɓata, wat 12 da rabi. Kashi ɗaya cikin huɗu na asarar farko. In bolt ya hau, amper ya sauka, waya ta huta. Dalilin ke nan da ya sa manyan layuka, irin wanda ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, aka gina su don ɗaukar bolt 132000. Saboda haka in garkarka babba ce, ko rijiyar na nesa, nemi kayan bolt 24 ko sama. Sai dai duka kayan su zama na bolt ɗaya. Tuna da ampul na mota.

Batir kuwa rumbu ne. An rubuta mishi 12 V da 100 Ah, wato amper 100 na awa guda, ko amper 10 na awa goma. Ninka: 12 × 100 = 1200. Wannan shi ne cikin rumbun, wat-awa 1200. Amma batir na dalma, mai ruwa ne ko busasshe, ba ya son a yashe shi har ƙasa. In kana son ya daɗe, rabi za ka ɗiba, wato 600. Sababbin batura na lityom sun fi jure yashewa, sai dai tsada.

Yanzu lissafa cin gidanka na dare ɗaya, wat sau awa. Ampul 3 masu wat 5, awa 5: 75. Tele mai wat 40, awa 4: 160. Fanka mai wat 30, awa 8: 240. Salula goma na maƙwabta, a ce 100. Jimla 575. Batir ya ɗauka, da ƙyar. Amma wa zai mayar mishi? Allo ɗaya mai wat 100, wanda muka ce 75 ne, a awa 5 ko 6 na cikakkiyar rana, wajen 400 zai kawo. Kullum ana ɗibar 575 ana zuba 400. Batir ba zai ƙara cika ba, batirin dalma kuwa in ya daɗe bai cika ba sai ya mutu. Mai gida ya ce batir ya yi ƙanƙanta, ya sayo mai 200 Ah. Kuskure ne. Babban rumbu ba ya ƙara amfanin gona. Allo na biyu ake bukata, ko a rage wa fanka awoyi. Ke ma uwargida, da ke shirin zuba kuɗin adashi a firji na rana don sayar da ƙanƙara da zoɓo, wannan lissafi naki ne. Karanta wat a bayan firjin, ki ninka da awoyin da injinsa ke aiki, ki gwada da abin da allunan za su kawo, kafin ki ba da kuɗi.

Wasu kan sayi akwatin da ke juya bolt 12 zuwa 220, su ce yanzu sun zama ƴan birni, har a jona dutsen guga. Dutsen guga mai wat 1100 a kuran na NIGELEC amper 5 yake ja, turjiyarsa om 44. Amma akwatin daga batir yake ɗibar waɗannan wat 1100. Raba su da 12: wajen amper 92, ban da abin da akwatin kansa ke ci. Rabin awa na guga ya kusa cinye rabon dare guda. A bar guga ga gawayi.

Akwai abin da ya fi kuɗi, shi ne rai. Jikin mutum ma yana da turjiya. In fata ta jiƙe, ƙafa na cikin laka, takan sauka zuwa wajen om 1000. Da bolt 12, 12 : 1000 = amper 0,012 kawai. Da bolt 220, amper 0,22 ne. Daga amper 0,03 zuwa sama haɗari ya fara ga zuciya, wannan kuwa ya ninka shi sau bakwai. Masu famfon bolt 220 da injin kuran a bakin rijiya, ku ji wannan. Masu jera manyan alluna baki da wutsiya ma haka, domin bolt ɗinsu taruwa yake: shida masu bolt 40 sun kai 240, kuma muddin rana na sama ba su da makashi. A hana yara wasa wurin. Kada a taɓa mahaɗa da jiƙaƙƙen hannu.

Bolt 12 ba ya kama mutum, amma yana ƙona gida. In ƙarfe ya faɗa bisa kawunan batir biyu, turjiyar hanyar ba ta wuce om 0,02 ba. 12 : 0,02 = amper 600. Ƙarfen zai yi ja, batir na iya fashewa, rufin kara kuwa ba ya jira. Maganinsa ɗan abin kariya da masu gyara ke kira fizibil. A sa shi dab da kan batir mai alamar +, lambarsa ta ɗan fi amper na aiki: mai 15 A ga famfo mai amper 10. In ya tsinke, aikinsa ya yi, a nemi dalili. Kada a maye gurbinsa da guntun waya.

Wani zai ce ai akwai mai gyara, shi ya san aikinsa. Akwai ƙwararru cikinsu, ina kuma girmama su. Amma shi zai haɗa ya hau babur ɗinsa ya tafi, kai ne za ka kwana da albasa. Mai gyara na kirki ba ya jin haushi in ka tambaye shi amper nawa famfon ke ja, waya mai lamba nawa zai sa. Wanda ya ce maka "bar wannan, ba za ka gane ba", sau da yawa shi ne bai gane ba.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Kowace koperatif ta masu garka ta sayi ma'auni guda, kuɗinsa bai kai na allo ɗaya ba ko kusa, a damƙa shi ga mutum biyu da suka gama aji, mace da namiji, su riƙa raka duk wanda zai je sayayya. Malaman yaƙi da jahilci kuma, in an zo darasin "sau" da "raba", a ajiye buhunan gyaɗa na rana ɗaya, a shigo da allo cikin aji a juya bayansa.

Ga aiki kafin haɗuwarku ta gaba a aji. Wani manomi yana da famfo na bolt 24 mai wat 240. Tsakanin batura da rijiya metir 25 ne, wayarsa mai lamba 2,5 ce ta jan ƙarfe. Amper nawa famfon ke ja? Om nawa ne turjiyar wayar? Bolt nawa ke zubewa a hanya, wat nawa ke ɓata? Kowa ya yi nasa a littafinsa, sannan ku gwada da juna. Kada a manta, kuran zuwa yake da komowa.